Takalmana a ƙofar biron kumandan

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa kafin wani ya riga ni.

Ginin da ke tsakiyar filin Filinge, iyayenmu suka ɗauko masa duwatsu a ka, aikin dole, bayan Nasara sun ci ƙasar Kurfai. Biron kumandan ne, wato ofishinsa. Mai wucewa sai ya tuɓe takalmi ya cire hula, ko gardi ya koya masa da bulala. Ni da na yi lakkwal aji biyu da rabi ma ban tsira ba.

Nasara suka tafi, aka jibge gero a ciki, daga baya aka share aka jera littattafai, wai kowa ya shiga ya karanta. Na ja taubashina ya ga yadda masu ilimi ke shiga. A bakin ƙofa jikina ya yi abin da ya saba: na tuɓe, na durƙusa, hula a hannu. Yara na kallo.

Na ce, "Ilimi nake girmamawa."

Taubashin ya ce, "Tashi, tsohon banza! Kumandan ya daɗe da tafiya, kai kaɗai ya manta bai sallama ba."