Faifan da Babu Muryata a Ciki

Mu huɗu muka fara, a nan ƙasar waje, a falon gidan da muke haya a titin High Point Road: ni, da abokin zamana ɗan Damagaram, da wani ɗan Kumasi mai Hausar zango, da wani dogo ɗan Zariya da ya iya haɗa kiɗa a kwamfuta. Ran Lahadi in an gama cin tuwo, sai a ture kujeru gefe, kowa ya zubo baitinsa. Gambarar zamani muke yi, Hausa da Turanci a cakuɗe, ɗan Damagaram yana yayyafa mata Faransanci. Ba yabon kai ba, duk sun yarda na fi su iya ɗaura magana a kan kiɗa.

Sai labari ya kai kunnen kawuna, wanda shi ya kawo ni ƙasar. Ya tsare ni bayan sallar Juma'a.

"Na ji an ce ka zama mawaƙi."

"Wasa ne kawai, Alhaji."

"To a bar wasan. Na samo maka aiki a wani sito a titin Wendover, har da Lahadi."

Na karɓi aikin. Da suka fara shiga situdiyo, sun neme ni, na ce na gaji. A raina kuwa cewa nake, ba inda za su je ba tare da ni ba.

Faifan ya fito da bazara. A bangonsa ga su nan su uku a tashar bas ta cikin gari, cikin manyan riguna, sun haɗe rai kamar an yi musu laifi. Abokin zamana ya miƙo min ɗaya yana murmushi. Na sa a mota ina saurare, ba don jin daɗi ba, kuskure nake nema. Na samu wuri guda inda ɗan Kumasi ya makara wajen shiga kiɗa. Ranar na wuni da farin ciki.

Ba wanda ya lura da kuskuren sai ni. Na je sayen manja a shagon wata Hajiya da suka ajiye faifan a wurinta, na tarar da kwalin faifan babu komai.

"Sun ƙare, ɗana," in ji ta. "An ƙaro, su ma sun ƙare. Kai ba tare kuke ba? Me ya sa ban ga hotonka ba?"

Na ce aiki ne ya yi min yawa, na ɗauki manjana na fita.

Masu tasi suka riƙa sa shi. Gidan rediyon 'yan jami'a ya sa waƙa ta uku, wadda ɗan Damagaram ya yi a kan kewar gida. Wata rana a sito na ji wani ɗan Meziko yana fito da amshinta yana tura kaya, bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Daga baya aka bugo waya daga Yamai cewa ana kwafar faifan ana sayarwa a kasuwa ba da izininsu ba. Abokina ya yi ta faɗa yana zagaye falo. Ni ina zaune ina kallonsa, har satar da aka yi masa nake kishi.

Sai aka gayyace su wani bikin suna a zauren haya, ni ma na je. Akwai yarinyar da nake nema a lokacin, 'yar Maraɗi mai karatun jinya. Ta nufo ni da fara'a, na tarbe ta da murna. Ashe faifai ne a hannunta.

"Don Allah ka ce wa abokinka ya sa min hannu, ni kunya nake ji."

Na kai wa ɗan Damagaram. Ya sa hannu, ya dube ni, sai kawai ya ɗaga makirfo ya ce, "Jama'a, ga wanda ya koya mana." Ya jawo ni gaba. Na san da zuciya ɗaya ya yi, shi ya sa abin ya fi yi min ciwo. Na rera wani tsohon baitina, aka tafa kaɗan, yara suna ihu da Turanci a sa musu waƙa ta uku.

Ina saukowa na hangi kawuna ya riƙe hannun ɗan Damagaram yana cewa, "Kun fitar da mu kunya, Allah ya yi albarka."

A wajen ajiye motoci na kasa haƙuri.

"Alhaji, ai kai ka hana ni."

Ya gyara hularsa. "Kai ne amanata. Su 'ya'yan wasu ne." Ya shiga mota.

Da wa'adin haya ya cika, na koma wani gida kusa da wurin aiki, na ce don sauƙin hanya ne. Faifansu na biyu bai yi kasuwa kamar na farko ba, daga nan kowa ya kama gabansa. Ɗan Damagaram yanzu babbar mota yake tuƙawa, yana da 'ya'ya da furfura, muna gaisawa lafiya lau. Amma har yau in muka shiga taro tare, sai wani ya taso yana rera masa amshin nan, ni kuma in tsaya a gefe ina jira su gama.