Mutumin da ke cikin Kada

Duk Asabar ɗin da ake wasa, Silvio yakan iso filin zari-ruga tun ba a buɗe ƙofa ba. Ya shanye ruwa gora biyu, ya ɗaura ƙanƙara a ƙirji, ya shige rigar Kada, alamar ƙungiyarmu, mai nauyin tsiya, ya kifa ƙaton kan. Daga nan babu Silvio, sai Kada. Shekara ashirin da shida ke nan.

Ranar da ƙungiyarmu ta fara fito da shi, na fi kowa yi masa tsiya. Ni da na yi shekara arba'in ina saran rake, guguwa ta yaye mini rufi sau uku ban gudu ba, a ce in tafa wa ƙato mai jela? Na ce, "Kai ƙadangare, maza muka zo kallo." Ya zo ya zare hulata, ya goge hammatarsa da ita, ya mayar mini. Fili ya kwashe da dariya. Ranar na sallama, ni kuwa ba kowa nake sallama wa ba.

Dokar aikin biyu ce: Kada ba ya magana, ba ya cire kai a gaban jama'a. Shekarar da aka lallasa mu sau goma sha ɗaya a jere, kai ne, Silvio, ka hana kujeru zama wayam. Ranar da zafi ya kayar da kai, masu agaji suka kai hannu za su cire kan, ka riƙe shi gam har aka shige da kai ciki.

Asabar da ta wuce ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Noelene, manajar ƙungiya, ta ja shi tsakiyar fili ta raɗa masa, "Haba Silvio, cire abin nan su ga fuskarka ko sau ɗaya. Ka cancanta."

Mutum dubu goma sha biyar suna jira. Ya girgiza kai. Daga baya ya ce mini, "Mutumina, in na cire, wanda zai gaje ni ya zama mutum cikin riga kawai."

Bayan wasa ya fito da jakarsa, tsoho mai sanƙo yana ɗingishi. Wata mata a bakin ƙofa ta ture shi. "Matsa mana, baba, Kada muke jira."

Ya matsa.

Mun gode, Silvio, mai gumi a ɓoye. Ku kuma samari masu son a ga fuskarku kafin a ga aikinku, ku koyi matsawa.