Biyar Ɗin da Kaka Ta Sauke

Ƙarfe uku da kwata na wata Asabar abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne saboda agogon Baba yana daidai saman kaina, ina tsaye a kan turmin da na kifa, na gama rataya lamba biyar a ƙusar da ke tsakiyar barandarmu a unguwar Fadaman Mada, cikin Bauchi. Ban ji tahowar Kaka ba. Sandarta kawai na gani ta wuce gefen kunnena, ta zaro lambar daga ƙusa. Ta soke ta a hammata, ta koma ɗakinta.

Ƙanena ne ya cika shekara biyar ran nan. Yaro ne mai yawan laulayi, rabin rayuwarsa a kan tabarma ya yi ta. Kafin shi Inna ta haifi maza biyu, duk suka rasu, babu wanda ya kai shiga makaranta. A gidanmu ba a bikin ranar haihuwa. Shi ya gani a gidan maƙwabciyarmu, wata 'yar kudu mai shagon kayan shayi, da aka yi wa ɗanta: balan-balan ko'ina, da ƙatuwar lamba mai ƙyalli a bango. Tun daga ranar bai bar maganar ba. Baba ya ce kuɗin ado dai babu, amma in waina da zoɓo ne, a yi. Ni kuwa, da ban iya magana a gaban mutane ba amma na iya almakashi, na ɗauki adon a kaina.

Na san abin da nake yi. Maƙwabciyar ta tara mini kwalaye da takardar azurfa ta cikin fakitin shayi, kullum in na wuce sai ta ce da irin Hausarta ta 'yan kudu, "Malama, zo ka kwashe kayanka." Na yayyanka tsofaffin takardun jarrabawata siri-siri, na rina wasu da ruwan zoɓo, wasu da bular wanki, wasu da gangamau, na shanya su a kan kwanon bayan gida. Zafin bazara ya busar da su kafin a kira La'asar. Ƙaro na jiƙa a gwangwanin madara ya zama gam. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen ƙaro sai yatsuna su tuna. Da shi na haɗa sarƙar takarda da ta zagaye baranda, na ɗaure taurari na kara da zaren buhu, na lulluɓe su da ledar alewa. Lambar ce ta fi cin lokaci. Sai da na zana ta da rula, na sake, na sake, kafin cikinta ya zagaye yadda nake so.

Na bi Kaka ɗaki, na durƙusa a bakin gado.

"Kaka, me ya sa?"

Ta ci gaba da jan carbi. Na san halinta: in aka tambaye ta jikokinta nawa, sai ta ce akwai su, Alhamdulillahi. Amma ban taɓa zaton abin zai hau kan kwalina ba.

A waje ƙanena ya tsaya a gaban ƙusar. "Yaya, ina biyar ɗina?" Inna tana juya waina a tanda, ta ƙi ɗago kai. Kaka uwar mijinta ce, ba za ta sa baki ba. Ga baƙi ƙarfe huɗu da rabi.

Sai na yi dabara irin ta 'yan boko. Na zaɓi taurari biyar mafi kyau, na jera su a inda lambar take. Kaka ta fito alwala, ta tsaya, leɓɓanta suna motsi.

"Malama, a makarantar taku haka aka ce muku sama take? Ƙaro sauran."

Na ƙara. Na kwashe duk wanda ke cikin kwali na watsa a bango ba tsari, abin da ya fi komai yi mini ciwo. Ita kuma ta kama hannun ƙanena.

"Maigidana, zo ka ga wani abu."

Na leƙa ta labule. Ta ɗaga katifa ta nuna masa lambar, tana ƙyalli a duhun ɗaki. "Taka ce. Amma a ɗakin matarka za ta zauna, ba a titi ba." Ya shafa ta, ya fito yana tafiya kamar mai gona a Yelwa.

Biki ya yi kyau, ba na shakka a kan wannan. Yara sun cika tsakar gida, bakinsu ja da zoɓo. Iska ta taso sarƙar tana ta kaɗawa. Maƙwabciyar ta dubi bango ta ce, "Mama, shekara nawa yaro ya yi?"

"Ya isa cin waina," in ji Kaka, ta tura mata faranti.

Yanzu a Bauchi waya ake bugawa, masu ado su zo a Keke Napep da lambar roba mai tsayin mutum, a ɗauki hoto a watsa wa duniya. Ƙanen nan nawa ma haka yake yi wa 'ya'yansa, ni kuma nake zuwa da almakashina. Ban ga laifinsu ba. Sai dai duk lokacin da aka ɗaga lambar sama, kunnena yakan koma yammacin ranar, bayan yara sun watse, ina tattara taurarin da suka faɗo, Kaka tana zaune a bakin ƙofarta. Na tara duk ƙarfin halin da nake da shi na ce, "Kaka, ko dai ba ki san shekarunsa ba ne?"

Ta dubi yaron, ya yi barci a tabarma da ledar alewa a hannu.

"Na fi ki sani, har da kwanakin. Waɗancan biyun da baki na ƙirga musu, kowa ya ji. Wannan a ciki nake ƙirgawa."