Azurfar Gwaggo a Rudun Albasa

Shekarar da aka sauke tutar Faransa a gaban ofishin kumandan a Madawa aka ɗaga tamu, ita ce shekarar da ƙanwar mahaifina ta kira ni maci amana a gaban mutane. Tutar a tsakiyar damina aka ɗaga ta, maganar gwaggo kuwa sai bayan kaka ta zo, amma ba na iya tuna ɗaya ba tare da ɗayar ba. Allah ya jiƙanta, tunda an umurce mu da yi wa matattu addu'a. Ban ce mun so juna ba.

Tun ina ƙarami ba ta yi na'am da ni ba. Tana ganin mahaifina ya yi asarar hannu ɗaya a gona da ya tura ni karatu. Ko bayan na dawo na yi iyali, ban taɓa jin ta ce da ni "ɗana" ba. Mai tawada take kirana. A lokacin ina da zaure a ƙauyenmu, tafiyar hantsi daga Madawa. Nan nake rubuta wa mutane wasiƙa da ajami zuwa ga 'ya'yansu da suka tafi biɗa, wato ci-rani, nan kuma masu tafiya suke barin ajiya: wani takobi, wani takardar gona, wani alkyabbar ubansa. Idan liman ba shi da lafiya ni ake turawa gaba in ja salla. Ba ni da shanu, ba ni da doki. Wannan yarda ita ce dukiyata.

Da bazarar wannan shekara wani gyambo a ƙafarta ya ƙi jin magani, aka ce sai asibitin 'yan mishan. Ana jiran kamiyo, wato babbar motar da za ta kai ta, a bakin hanya ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini ƙullin tsumma ba tare da ta dube ni ba. Mundaye huɗu ne na azurfa masu nauyi, da 'yan kunne, da zobba biyu, duk gadon uwarta, wato kakata.

"Ba don na so ba," ta ce. "Babu wani namiji a gidan wana sai kai. Ka san yadda aka yi musu?"

"Na sani, gwaggo."

"Toka busassa. Farin saƙi. 'Yar tukunya, a liƙe baki da laka, a tura cikin hatsi a rumbu. Ka ji ko in sake?"

Na ce na ji. A raina kuwa haushi ne ya cika ni, ace mace da ba ta san alif ba tana koya mini ajiya. Na ce wannan dabarar tsofaffi ce, kuma kowane ɓarawo ya san rumbu ake fara lalubawa. Ina da wani gwangwanin madara mai murfi da na samo a kanti, yana ƙyalli kamar madubi. Na haɗa mundayen na ɗaure su tam da robar cikin tayar mota don kada su yi ƙara, na zuba sauran a kai, na rufe. Sai na kai gwangwanin rudu, wato 'yar bukkar da muke ajiye albasa bayan an cire ta daga fadama, na tura shi can ƙarƙashin tulin. Wa zai nemi azurfa a cikin albasa? Har na yaba wa kaina.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Rudun ya yi yoyo ta gefe ɗaya, albasar ƙasa ta ruɓe ta zama ruwa. Na kwashe ta sama, na ga gwangwanin yana nan, ban buɗe ba. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa musun sa a gaban Allah ba.

Gwaggo ta warke, ta wuce wurin 'yarta a Tamaske, ba ta dawo ba sai da aka gama ɗaurin dawa. Washegarin zuwanta ta aiko a kawo mata kayanta. Na ciro gwangwanin. Tsatsa ta cinye gindinsa, murfin ya kafe sai da na sa wuƙa. Na leƙa ciki. Mundayen sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, robar ta narke ta manne a jikinsu, ga wani wari. Na goge da gefen rigata, ko gezau. Da ina da hankali da na tafi wurin maƙeri kafin in je wurinta. Girman kai ya hana ni. Na naɗe su a tsumma na aika mata.

Bayan la'asar muna zaune a ƙofar zaure, mu kamar goma, har da liman da ƙanen mai gari, sai ga ta tana ɗingishi. Ba ta yi sallama ba. Ta watsa mundayen a kan tabarmata.

"Mai tawada, mi ne wanga?"

"Kayanki ne, gwaggo. Ki shiga ciki mu yi magana."

"Ciki? A nan zan yi ta! Azurfa na ba ka, fara sol. Ka kai ta kasuwa ka saida, ka sa an ƙera mini baƙin ƙarfe. Jama'a ku duba! Wanga shi ne kuka ba ajiya, shi ne kuka bi salla!"

Liman ya ce, "Haba baiwar Allah, a yi a hankali."

"Hankali ya ƙare, malam. In shi na Allah ne ya ɗauko Alƙur'ani ya dafa."

Na ce ba zan dafa Littafin Allah a kan munduwa ba. Har yau ina ganin daidai na yi, amma mutane ba haka suka fassara ba. Kafin sati ya zagayo mai takobi ya zo ya ce yana so ya shafa masa mai. Mai takardar gona ya ce ɗansa yana son ganinta. Babu wanda ya ce mini komai, kuma babu abin da ya dawo. Ranar da liman ya kwanta da zazzaɓi, na taka zan wuce gaba, sai na ga an riga an tura wani.

Ƙanen mai gari ne ya ce a kai wa maƙeri ya raba gardama. Ranar kasuwar Madawa muka tafi mu uku, ita a kan jaki, ni da shi a ƙasa. Ko ruwa ba mu miƙa wa juna ba a hanya. Maƙerin wani tsohon Buzu ne mai rumfa a bayan masu sirdi. Na zo masa da gwangwanin ma, don ya ga inda suka kwana. Ya shinshina, ya kawar da kai, ya gyara rawaninsa.

"Allah gafarta malam, albasa ka sa ta yi musu gadi?"

Na ce a rudu na ajiye su.

"Ga roba kuma! Kai, malam, da ka tambayi matata ma da ta faɗa maka. Azurfa ba ta shiri da roba, ba ta shiri da albasa, ba ta shiri da ƙwai. Ga laima a kai. Abokan gabanta duka ka tara mata a ɗaki guda."

Gwaggo ta ce, "Bar ba'a, maƙeri. Azurfa ce ko ba ita ba?"

Ya saki munduwa ɗaya a kan maƙera, ya kasa kunne ga ƙararta. Ya ɗan goga zarto a cikinta, wurin ya fito fari. Sannan ya kankare robar, ya ɗora su a kan garwashi kaɗan, ya tsoma cikin ruwan tsamiya mai zafi, ya ɗebo toka mai laushi ya yi ta murzawa da tsumma. Baƙin ya riƙa fita kamar dauɗa. Uku suka dawo fes. Ta huɗun, inda robar ta fi kamawa, wani baƙin zane ya zauna a jikinta, ya ce wannan ya ci ciki, sai dai a narke.

Ina kallon gwaggo lokacin da ta karɓa. Akwai wata 'yar lotsawa a jikin munduwa ɗaya, inda taɓarya ta taɓa bugunta a hannun kakata. Duk gidanmu an san ta. Na ga ta sa babban yatsa a wurin, ta shafa sau biyu. Ta gane kayanta sarai. Na jira. Sai ta ɗaga wadda baƙin zanen ya zauna a jikinta ta nuna mini.

"Wanga tabo naka ne," ta ce. Ta ƙulle su a bakin zane, ta hau jakinta.

Ƙanen mai gari ya faɗi abin da ya gani, amma maganar shaida ba ta kai ta mai ƙara ƙarfi ba. Wasu suka ce ai ita ba ta janye ba, wataƙila akwai abin da ta sani. Wasiƙa dai aka ci gaba da kawo mini, don babu wani mai rubutu kusa. Ajiya kuwa ko allura. Shekara uku muna haka. In mun haɗu a hanyar rijiya na gaishe ta saboda haƙƙin zumunta, ta amsa da hanci. Ranar salla ina aika mata da cinya, ta karɓa, ba ta aiko da godiya. Na roƙi Allah ya cire mini ƙinta daga zuciya, kuma ba zan yi ƙarya in ce an amsa mini da wuri ba.

A shekara ta huɗu gyambon ya tashi, aka ce sai ta koma asibiti. Sai ta shiga neman inda za ta bar azurfarta. Ta je wurin liman, ya ce shi ya tsufa da riƙon kayan mutane. Ta je wurin matar mai gari, ta ce rumbunsu yana da ɓera. Maƙwabciyarta kuwa ba ta ɓoye ba, ta ce, "Wanda ya ga abin da ya sami ɗan ɗan'uwanki ba ya karɓar ko cokalinki." Duk garin babu wanda ya miƙa hannu. Tafiya da su kuma ba ta yiwuwa, don a asibiti a fili ake kwana cikin baƙi.

Ta aiko a kira ni. Na ce a gaya mata ina inda ta same ni wancan karon.

Ta zo bayan la'asar, a kan idon mutane, kusan waɗanda suka ga na farko. Wannan karon ta yi sallama, a gajarce. Ta ajiye ƙullin a gefen tabarma.

"Ka riƙe mini."

"A'a, gwaggo. Maci amana ba a ba shi ajiya."

"Kana so in durƙusa maka ne, mai tawada?"

"Ba na son gwiwarki. Magana kika ɗauka a nan wurin, ita za ki mayar."

Ta dube ni. Sannan ta juya ga liman, ba gare ni ba.

"Malam, ku shaida. Azurfata ce, ba a musanya ta ba. Tun gaban maƙeri na gane ta. Bai ci amana ba." Ta ja numfashi. "Wauta ce tai mishi yawa."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Liman ya dube ni, na san saura ni.

Na ce, "Ku shaida ni ma. Ta faɗa mini yadda zan yi, na raina maganarta, na ɓata mata munduwar uwarta."

"To," in ji gwaggo. "Kawo toka."

A nan ƙofar zauren aka yi, tana tsaye a kaina da sandarta. Na tankaɗe toka, ta ce ba ta bushe ba, na sake. Na naɗe kowace munduwa daban a farin saƙi, na jera a 'yar tukunya, na liƙe baki da laka, na hau rumbu na tura ta cikin hatsi har iyakar hannuna. Da na sauko ta dubi tokar da ke jikin rigata.

"Ba ka bina bashi, ba na binka," ta ce.

Na ce, "Haka ne, gwaggo."

Ta juya ta nufi bakin hanya inda kamiyo yake tsayawa. Ban raka ta ba, ita ma ba ta waiwayo ba.