Jirgin Baba da Ƙasar Suri

Washegarin ruwan farko na damanar 1982 na fito tsakar gida da sassafe, na tarar da rumfar da ke rufe da jirgin Baba ta kwanta a kansa. Ruwan da aka yi jiya da la'asar da ƙanƙara ya zo, irin mai kashe 'yan tsaki, ga iska da ta tsinke igiyoyin zana ta yi gaba da su. Wata gwafa ta faɗo wa jirgin a haƙarƙarin dama ta huda shi, rami har kan akuya zai shiga, sauran jikin kuma duk tabon ƙanƙara ne. Gari ya ɗauki murna an samu ruwan shuka, maza sun fita da sungumi tun da asuba, ni kuwa na tsuguna cikin taɓo ina shafa bakin ramin nan. Shekarata goma sha ɗaya, kuma ni Baba ya bar wa amanar jirgin da zai tafi biɗa.

Garinmu yana cikin wani kwari tsakanin Buza da Keita, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa. Da an kai hatsi rumbu sai maza su ɗaure kaya su hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Abijan, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. Wannan ita ce biɗa, kuma ni tun da na yi wayo uban damana na sani. A can Baba ya yi aiki a wurin da ake ƙera kwalekwale da wani farin ƙyalle na zaren gilashi, wanda ake jiƙa shi da danƙo mai wari da ake kira rezin, in ya bushe ya yi tauri kamar ƙwarya. Baturen da yake yi wa aiki ya ƙera ɗan ƙaramin jirgin sama a bayan gidansa da waɗannan kayan, Baba ya kama masa, kuma da idonsa ya ga abin ya tashi. Tun daga ranar hankalinsa bai dawo ƙasa ba. Shekarar da tsaransa suka komo da rediyo da turamen atamfa, shi da naɗin ƙyalle da gwangwanayen rezin ya sauka, Inna ta dube su ta shige ɗaki.

A bayan rumbunmu ya gina gangar jikin nasa jirgin saman, fari, dogo, mai siririyar wutsiya. Fata biyu ya yi masa, ta ciki da ta waje, a tsakaninsu ya jera totuwar karan dawa, irin wadda yara maza ke yin motar wasa da ita, domin farin soson da ya zo da shi bai kai ko'ina ba. Rashin nauyinsa shi ne abin alfaharin Baba: mutum biyu suna ɗaukarsa, ni ma da hannu ɗaya nake ɗaga wutsiyar. Moter, wato inji, shi ne babu, kuma moter ɗin nan shi ne dalilin kowace tafiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma duk shekara in ya sa ƙafa a tayar kamyo zai hau sai ya waiwayo ya ce, "Daga wagga tahiya na gama, Uwata. Moter na samuwa in zamna gida." Mutanen gari suna ce masa Idi mai jirgi, wasu da dariya, wasu da tausayi. Yana cewa da shi zai riƙa kai marasa lafiya Tawa in kwari ya cika ya datse hanya. Ni gaskiya tashin jirgin bai dame ni ba. Abin da na riƙe shi ne in jirgi ya ƙare Baba zai yi rani a gida, ya ga yadda nake sussuka, ya zo lakwal, makarantar bokonmu, ranar da ake kiran sakamako kamar yadda uban ɗiyar mai kanti yake zuwa.

Ni ya koya wa gyaran saboda ƙannena maza ƙanana ne, kuma ni kaɗai ke iya rarrafawa har cikin wutsiya. Da bayan cokali ake farawa, a bi jikin ana ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya sai ya amsa da ƙara tsaf, inda fata ta rabu da totuwa sai ka ji ya yi luf kamar kabewar da ta fara lalacewa. A zagaye wurin da gawayi, a goge shi da takarda mai yashi har bakin ciwon ya kwanta ya yi faɗi, a share ƙurar tas. Sai a yanka ƙyallen gilashi, kowane yanki ya ɗara na ƙarƙashinsa girma, a ɗiga wa rezin maganin da ke sa shi daskarewa, a shafa, a danna da ɗan buroshi har iskar da ta maƙale ta fita. In ya bushe a sake gogewa, a shafa farin fenti domin rana tana cin rezin. Aikin safe ne, in rana ta ɗaga danƙon yana daskarewa a cikin gwangwani kafin ka juya. Maganar da ya fi maimaita mini ita ce, "Abu biyu jirgi ba shi so, ruwa da nauyi."

Ba zan ce na ji daɗin aikin nan ba. Ciwon jirgi ba ya ƙarewa: yau akuya ta hau ta karce shi da kofato, gobe jakin maƙwabta ya goga gindinsa, jibi rana ta tsaga fenti. Kafin in taɓa shi sai na je rijiya, wadda igiyarta ke cin tafin hannu, na kama wa Inna daka, na kora awaki bakin gari, sannan in yi gyaran cikin gaggawa in ruga lakwal. Ƙurar gilashin nan tana shiga fata, ƙaiƙayin gero wasa ne a kanta. Ina zaune a aji ina susa, Mushe, malaminmu, yana zaton ƙazwa ce, ya mayar da ni bencin baya. Da yamma 'yan mata suna gaɗa a dandali ko suna carafke a gindin bagaruwa, su hango ni su ce ga ɗiyar mai jirgi nan, yaushe za a kai mu Makka. Wani lokaci in rama, wani lokaci gajiya ta hana ni buɗe baki.

A shekarar ƙanƙarar nan Baba bai dawo da wuri ba. Waɗanda suka riga shi komowa suka ce yana jiran wani da ya yi masa alkawarin tsohon moter, sai bayan noman farko za a gan shi. Na bi ƙananan tabon ɗaya bayan ɗaya ina toshewa, har rezin ɗin da ya rage ya ƙare, na kankare gindin gwangwanin babu ko ɗigo. Babban ramin yana nan buɗe, totuwa a waje. Na rufe shi da tsohuwar tabarma na danne da duwatsu, amma duk iskar da ta taso sai ta yaye ta, ga hadari kullum yana haɗuwa ta gabas. Inna kuwa gona ta sha mata kai, ba ta da lokacin kallon abin da ba a ci.

Kaka ce, mahaifiyar Baba, ta yanke shawara. A unguwarmu ba a yaɓen rumbu ko daɓen ɗaki ba tare da ita ba, kuma ba ta iya ganin tsaga a jikin gini ta wuce. Ta zo ta ɗaga tabarmar da sandarta, ta leƙa, ta ce gobe a samo mata ƙasar suri, wato ƙasar gidan gara, wadda kowa ya sani ita ta fi kama jikin rumbu, a jiƙa mata 'ya'yan bagaruwa kuma. Na ce mata Baba ya ce ruwa da nauyi ne jirgi ba ya so. Na faɗa na sake faɗa, har da kuka.

Ta ce, "Ke, tun ba a haihi ubanki ba nike yaɓe. Abin ɗana na, in bar shi buɗe ruwa shi cika shi? Mi za ni ce mishi in ya komo?"

Ni ma ban san abin da zan ce masa ba.

Gayya aka yi, kamar ta daɓen ɗakin amarya. Matan unguwa suka zo da ƙwaryoyinsu, aka kwaɓa ƙasar da ƙaiƙayi da kashin jaki, aka cusa ta cikin ramin har ta cika. Da suka ga wurin ya fita daban da sauran jikin, sai Kaka ta ce ai ba a yaɓe rabin rumbu, aka bi jirgin gaba ɗaya tun daga hanci har wutsiya. Suna yi suna waƙa, suna yayyafa ruwan bagaruwa, suna lailaye shi da tafin hannu da santsin dutse. Har zane suka yi masa da yatsa irin na bakin ƙofa. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau, ban taɓa ganin yaɓe mai kyansa ba. Da suka watse na je na kama wutsiyar da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba.

Gero ya kai gwiwa lokacin da Baba ya sauka, a rame, babu moter, mai alkawarin ya sayar wa wani. Ya gaisa da mutane a zaure, ya sha ruwa, sannan ya zagaya bayan rumbu, ni ina bin sa a baya. Ya daɗe a tsaye. Kaka ta fito tana dogara sandarta, fuskarta cike da jin daɗi, tana ba shi labarin ƙanƙara da matan da suka zo gayya. Baba ya saurare ta har ta gama. Sai ya durƙusa kamar yadda ɗa ke yi gaban uwarsa ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah shi saka da alheri." Ya bi gidajen matan nan ɗaya ɗaya ya yi musu godiya, domin haka ake yi wa wanda ya zo maka gayya.

Sauran damanar a kankara ta ƙare. In mun dawo gona, bayanmu kamar zai tsinke, sai mu zauna da guntun galma da wuƙa muna ɓamɓare yaɓen a hankali, lokacin da Kaka ta shiga ɗaki. Ƙasar suri ba ta sakin abin da ta kama. Da farin jikin ya fito, Baba ya miƙo mini cokali ya ce in ƙwanƙwasa, kunnena ya fi nasa. Na fara daga bakin ramin na bi har wutsiya, ko'ina luf. Damshin ƙasar ya bi totuwa ya ruɓar da ita, gara kuma ta biyo ƙasarta ta cinye abin da ya saura, fata biyu suna tsaye babu komai a tsakaninsu. Na yi ta neman wuri ɗaya da zai amsa da ƙara don in nuna masa, na koma na sake bi, shi kuwa yana zaune a kan turmi yana kallon hannuna. Daga baya ya ce in bari haka nan, na gaji.

Duk da haka ya gyara ramin. Ya shanya jirgin a rana har ya bushe, ya buɗe sabon rezin da ya zo da shi, muka goge, muka jera ƙyalle, muka danna, muka shafa fenti, har ba mai gane inda gwafa ta faɗa. Na ɗauka wata dabara ce yake da ita, raina ya ɗan dawo. Da kaka ta yi, aka ga tsohon rumbunmu ya tsage tun daga ruwan ƙanƙarar nan, ba zai riƙe hatsin bana ba. Baba ya sa aka ɗora jirgin a kan duwatsu, ya ce wa Inna a sussuke gero a zuba a ciki ta bakin da matuƙi zai shiga, ɓera ba ya huda rezin. Inna ta dube shi, ta dubi jirgin, a karon farko na ga ta shafa jikinsa.

Ranar tafiya na raka shi bakin hanya kamar kullum, ina ɗauke da butarsa. Kamyo ya zo cike da mazan garuruwan gaba, Baba ya jefa ƙullin kayansa sama, ya sa ƙafa a taya. Na tsaya ina jiran maganar da ya saba. Ya waiwayo, ya dube ni, ya ce, "Ki riƙa ruhe bakin da kyau, Uwata, kar kaji su shiga." Ya haye kamyo ba tare da ya ambaci moter ba. Ya ci gaba da zuwa biɗa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma shekarar da ya yi rani na farko a gida ni ina ɗakin mijina a Madawa.

Yanzu in na je garin, samarin ba Abijan kaɗai suke zuwa ba, wasu arewa suke yi ta cikin hamada, kuma 'ya'yansu suna jin muryarsu ta waya, abin da mu ba mu samu ba. Rumbunan ƙasa sun ragu, buhu ake cusawa a ɗaki, masu yaɓe irin Kaka sun ƙare. Jirgin yana nan a bayan gidan ƙanena, fentin ya koɗe, jikokin Baba sun ɗauka wani irin rumbu ne na mutanen da. Ban taɓa jin haushin Kaka ba, abin da ta iya shi ta yi wa ɗanta. Amma har yau in na ga tsaga a jikinsa hannuna yana ƙaiƙayi, in tsaya in shafa wurin. Shekaru na yi ina toshe ramukan jirgin nan, ashe tafiyar Baba nake son toshewa.