Fim Ɗin da Ba Mu Kawo Majalisa Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, da hantsi, aka kira ni daga Kebbe aka ce Allah ya yi wa Malam Haliru Na'Allah rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ruwan sama ya lalata hanya, ba mu iso daga Tambuwal ba sai da aka dawo daga maƙabarta.

Malam Haliru, ni ne Nasiruddeen, mai sharhin finafinai da kake yi wa ba'a cewa bakina ya fi idona aiki. Kai ka kafa majalisarmu ta ranar Asabar a ƙofar shagon tace fim na Mansur a Tambuwal, inda masu shirya fim da masu sharhi ke zama bayan la'asar. Kowane mako kana tasowa daga Kebbe a kan babur, ka iso wandonka duk taɓo, ka zauna kana dariya. Doka ɗaya ka kafa mana: ba wanda zai ambaci aikin kansa. Kowa ya kawo fim ɗin wani, ya faɗi abin da ya burge shi kafin ya taɓa aibinsa. Da farko mun sha wuya, domin mu mutane ne da yabon abokin sana'a ke maƙale mana a wuya.

Ina tuna ranar da aka kawo fim ɗin wata baiwar Allah daga Dogon Daji. Na ga inuwar makirfon ɗaukar sauti a bango cikin fim ɗin, na gyara zama zan yi kaca-kaca da shi. Ka ɗaga hannu ka ce a mayar da shi baya. Ka nuna mana inda aka kawo wa uwa labarin mutuwar ɗanta, ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, sannan ta zauna a ƙasa. Ka ce, “Wadda taf fito da wanga wuri ta san uwa. Ku bar zancen inuwa.” Washegari ka nemi lambarta ka kira ta ka gaya mata. Har yau tana shirya fim, kuma ta ce kiranka ne ya hana ta bari. Mansur ma da kuka taɓa saɓawa a wurin aiki, kai ka fara kawo fim ɗinsa, ka yabe shi har ya sunkuyar da kai.

Ranar sadakar uku muka koma Kebbe mu duka. Bayan addu'a, matarka Malama Mardiya ta aiko a kira mu bakin ƙofar cikin gida. Tana bayan labule ta amsa gaisuwarmu, sannan ta ce, “Malam Nasiru, mi kunka ce bisa nashi fim? In na tambaye shi sai shi ce layi bai kai gare shi ba. Ina son in samu abin da zan faɗa ma ɗiyanai in sun girma.”

Na dubi Mansur, Mansur ya dubi ƙasa. Fim ɗaya ka yi a rayuwarka, labarin wani mai haƙar rijiya a Fakku, da kyamarar aro. Ka tura mana shi a waya tun shekarun baya, kowa ya ce zai kalla. Ni nawa na goge shi ne don waya ta cika. Dokarka ta hana ka kawo shi da kanka, dole sai ɗayanmu, mu kuwa kowa ya bar wa wani. Kuma a ƙasan zuciyarmu mun raina shi, muna tsoron a kunna mu rasa abin yabo. Ban taɓa lissafa wannan a matsayin laifi ba sai da na ji muryarta.

Wani daga cikinmu ya fara cewa ai an yaba ƙwarai. Na katse shi, na ce, “Malama, ba mu taɓa kallonai ba.”

Ta ce, “Ashe. Kullum Asabar sai ya sa shi aljihu, shina cewa ko wani ya tambaya.” Ta miƙo ɗan katin memori na waya da fim ɗin ke ciki ta ƙasan labule, naɗe a leda. A aljihun rigar da ka je majalisa da ita ta ƙarshe ta same shi. Ban san yadda na karɓa ba, kunya ta hana ni ko da godiya.

Na kalle shi, Malam Haliru, kuma zan bi dokarka in fara da yabo. Akwai inda mai haƙa ya ɗaga kai daga ƙasan rijiya, ba a ganin komai sai ɗan da'irar sama da kawunan matan da ke jiran ruwa, sannan ɗaya bayan ɗaya suka gaji suka tafi. Ba a ɗaukar wannan daga sama. Kai ka sa aka zura ka da igiya, da kyamarar da ba taka ba. Na mayar da wurin baya har na daina ƙirgawa. Sautin yana da matsala a tsakiya, akwai kuma doguwar hira a kasuwa da ya kamata a rage. Da ka ji wannan daga bakina da ka yi dariya ka ce na yi gaskiya.

Malama Mardiya, ga amsar tambayarki. Ki gaya wa 'yarki Nasiha da ƙannenta cewa mahaifinsu ya iya aikinsa, ya fi yawancinmu iyawa, kuma ya tafi bai ji haka daga bakin ko ɗaya daga cikinmu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da yaran, da 'yan'uwansa na Kebbe da Fakku. Allah ya gafarta maka, Malam Haliru, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya raya abin da ka bari. Ka rufa asirin aikin mutane da yawa, Allah ya rufa naka ranar hisabi. Mu kuma Allah ya yafe mana haƙƙinka. Amin.