Sakatar da Na Zare a Fadamar Argungu

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, kuma har yau idan aka ambaci sunansa ba fuskarsa nake fara gani ba. Wani tukku nake gani, ruwan zinariya, yana ƙyalli a bayan shingen waya. A kansa idona ya fara sauka ranar da motar makarantarmu ta sauke mu a wurin aikin Kawu, gefen fadamar Argungu, tun muna jihar Sakkwato.

Kawu malamin daji ne. Duk naman dajin da aka ƙwace a hannun mafarauta wurinsa ake kaiwa: barewa mai karyayyiyar ƙafa, 'ya'yan kada da suka faɗa komar masunta, dinyar da tarko ya ji wa ciwo. Ya yi jinyarsu, wanda ya warke ya mayar da shi inda ya fito. Shi ya yi ta roƙon manyansa har aka yarda 'yan makaranta su riƙa zuwa, domin a ganinsa wanda ya kalli barewa ido da ido ba zai yi saurin ɗana mata tarko ba. Mu ne 'yan mata na farko daga Birnin Kebbi, kuma saboda ni ya nema mana.

Ni kuwa a lokacin jikina kawai ke makaranta. Hankalina yana cikin ƙananan littattafan soyayyar da suka fara shigowa kasuwa, inda kullum ake raba masoya, kullum kuma wata mai zuciya take haɗa su. Ko ranar ma akwai ɗaya a ƙarƙashin mayafina, da sunana a bangonsa da jan biro.

Kawu yana gaba da sandarsa, muna biye, har muka iso wurin mai tukkun nan. Gauraka ce. Ya ce a wannan fadamar aka kama ta, aka ƙwato ta a tasha za a kai ta tsakar gidan wani attajiri. Sai ya ɗaga hannu.

“Ku saurara, ɗiyana.”

Can cikin fadama wani tsuntsu ya yi kuka mai kauri, ita kuma ta miƙa wuya ta amsa.

“Mijinta ke nan. Kullum da hantsi sai ya taho.”

Asabe, ƙawata, ta zungure ni. “Kulu, ga mutanenki. Kada dai ki yi muna kuka nan.” Aka kwashe da dariya.

Kawu ya buɗe fiffikenta ya nuna mana inda aka datse gashin. Ya ce sai sabo ya fito bayan damina zai sake ta, don in ta fita yanzu ba ta iya tashi, ga karnukan masu gadin shinkafa. Na daɗe ina gaya wa kaina ban ji wannan bayani ba. Na ji. Na dai ga bai dace da labarin da nake tsarawa a raina ba.

Da aka wuce kududdufin kadoji sai na ja baya kamar mai gyaran takalmi, na zare sakatar kejin gaurakar. Na zaci za ta tashi sama su haɗu, kamar a shafin ƙarshe. Takawa ta yi a hankali, ta bi kunyar gona, ta shige cikin ciyawa. Duk hanyar komawa Birnin Kebbi murmushi nake yi ni kaɗai.

Karnuka sun same ta kafin la'asar. Tukkun da 'yan gasu kawai Kawu ya tsinta. Da babbansu ya zo daga Sakkwato bincike, Kawu ya ce shi ya manta bai sa sakata ba. Aka hana ziyarar makarantu, aka ɗauke shi aka mayar bakin hanya yana tsayar da motocin itace. Wanda aka kawo a madadinsa ba ya son aikin, kafin a daɗe wurin ya zama kufai. Mahaifiyata ta riƙe haɓa ta ce, “Bawa da mantuwa? Lalle tsufa ya taho.” Ina zaune a gefenta ina tsintar shinkafa, ban ɗaga kai ba.

Kawu ya yi shekara goma sha biyar a raye bayan haka. Na yi aure, na zama malamar makaranta, ina kai masa gaisuwa kowace salla. Kullum in na durƙusa sai ya ce, “Malama Kulu, an ƙare karatun littafin?” In yi dariya, in ce saura kaɗan, Kawu. Sau da yawa maganar takan zo har bakina, in mayar da ita in ce sai wata sallar.

A yau idan na bi hanyar Argungu, injinan ban ruwa ne ke ruri daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma inda kejin yake rumfar albasa ce. Na tambayi ɗalibaina ko sun taɓa jin kukan gauraka, sai suka nuna mini hotonta a waya. Ban san me Kawu zai ce ba. Ba zai zagi manomi ba, shi ma ɗan manoma ne. Ina jin zai tambaya ne kawai, yara nawa suka rage waɗanda aka taɓa tsayarwa a gaban shinge aka ce su saurara. Ni na san wadda ta rufe wa na bayanta wannan ƙofa.

Shekarar da Kawu ya rasu, bayan sadakar arba'in, matarsa, Inna Ige, ta kira ni ɗaki ta miƙa mini ƙunshin tsumma. Littafina ne, bangon ya ci laka, sunana yana nan da jan biro. Ni duk zatona a mota ya faɗi.

“Bakin kejin ya tsince shi, tun ranar,” in ji ta.

Na ce, “Inna, shi ya ce a ba ni?”

“A'a. Cewa ya yi in ƙone shi, kada ki san ya sani. Ni ce na ƙi.”

Bai bar gida mai bene ba, wurin da ya gina ma babu shi. Abin da ya bar mini shekara goma sha biyar ne na rufin asiri, waɗanda ban taɓa gode masa a kansu ba. Allah Ya jiƙansa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.

Inna Ige tana nan da ranta a Argungu, ido ya tafi amma kunne garau. Jiya na karanta mata wannan rubutu kafin in kawo shi jarida. Da na gama, sai ta ce, “To, yanzu kin ƙare littafin. Da yana nan da ya ji haushin mu duka biyu.”